Kuɗin Cizo a Ƙarƙashin Katifar Karalaini

Ina shanya kaya a bayan gida Karalaini ta leƙo ta saman shinge, ta naɗe hannun rigarta ta nuna mini damtsenta. Cizo ne jajaye a jere, kamar an sa abin ja layi.

"Malama Alumita, dubi abin da sauron unguwar nan yake yi mini."

"Sauro ba ya bin layi, 'yata," na ce mata. "Inda ya samu nan yake sauka. Wannan mai rarrafe ne, yana ci yana matsawa gaba. Je ki duba ɗinkin katifarki. In kin ga ɗigo-ɗigon baƙi kamar an yayyafa tawada, to kuɗin cizo ne."

Ta sauke hannun rigar da sauri, ta waiga ko wani ya ji.

"A gidana? Gidan da nake goge ƙasansa safe da yamma?"

"Ba ruwansa da goge-goge. Jini yake nema, ba datti ba."

Ba ta tsaya jin ƙarshen maganar ba. Karalaini matar maƙwabcina Peniasi ce, ita ce kuma shugabar matan cocinmu a nan unguwar Nadera, a gefen birnin Suva. Mace ce mai son a ga gidanta. Mijinta ma'aikacin ofis ne a cikin Suva, mutum mai sanyin murya wanda bai taɓa yi wa kowa musu ba, musamman matarsa. A gidan kuma akwai baƙuwa, Gwaggo Torika, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta zo daga tsibirin Kadavu a yi mata aikin yanar ido. An yi na dama ya yi kyau, likita ya ce ta zauna a gari har a kira ta a yi na hagu. Kafin a kira ta ɗin, ita ke kankare kwakwa, ita ke feraye rogo, ita ke tarbar yara in sun taso daga makaranta.

Da yamma aka zauna shari'a a teburin cin abinci. Tagarsu tana kallon tawa, kuma Karalaini ba ta iya magana a hankali ba.

"Ni dai ban kira sunan kowa ba," in ji ta. "Tambaya kawai nake yi. Kafin jirgin Kadavu ya iso, akwai wanda yake susa a gidan nan?"

"Gwaggo, ba ke ake nufi ba," Peniasi ya ce. "Kayanki ake nufi."

"Ɗana, kayan nawa jaka ɗaya ce da tabarma."

"To ai kin gani," in ji Karalaini.

Washegari aka fito da jakar tsakar gida aka zazzage. Ba a ga komai ba sai zannuwa, da littafin waƙoƙin coci, da kwalbar man kwakwa. Karalaini ta ce rashin ganin shi ne babbar shaida, don ƙwaron ƙauye ya fi na gari wayo. Aka ƙone matashin kan tsohuwar, aka haɗa da tabarmar kwananta wadda ta saƙa da hannunta. Tana tsaye tana kallon hayaƙin da idonta mai gani. Da wutar ta mutu ta ɗauko tsintsiya ta share tokar.

Daga nan aka mayar da ita ɗakin kwano na bayan gida, inda ake ajiye injin yankan ciyawa da tsofaffin gwangwanayen fenti. Na tari Peniasi a bakin hanya na tambaye shi dalili.

"Malama, don jin daɗinta ne," ya ce. "Mutanen tsibiri ba su saba da cikin gini ba. Can ta fi samun iska."

"Ɗakin ba shi da taga, Peniasi."

"Akwai 'yan ramuka a kwanon."

Sai feshi ya shigo. Karalaini ta sayo manyan gwangwanaye na maganin ƙwari, irin masu hoton kyankyaso ya yi rigingine. Kullum kafin rana ta faɗi sai ta ɗaure hancinta da ɗankwali, ta tsaya a bakin ɗakin kwanon, ta miƙa hannu ciki ta fesa har sai yatsanta ya gaji, ta ja ƙofa.

"Gwaggo, shiga da sauri ki rufe, kar ƙarfin ya fita."

Gwaggo Torika tana da asma tun ƙuruciya, kowa a gidan ya sani. Da farko tari ne kawai. Bayan haka na fara jin ƙirjinta yana kuka kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, in tana kankarar kwakwa a gindin bishiyar mangwaro. Aikin kam ba a hana ta ba. An hana yara hawa cinyarta, an ware mata kofi da faranti, ranar Lahadi an ce motar ta cika ta bi bas zuwa coci. Amma abincin da ta dafa kowa yana ci har da neman ƙari. Karalaini ta bayyana mini cewa wuta tana kashe komai.

Wata safiya da masu gidan suka fita, na zagaya na shiga ɗakin kwanon da tocila da tabarau. Shekaru na yi ina koya wa yara darasin tsabta, na san inda ake dubawa. Na bi ɗinkin 'yar katifar soso da suka ba ta, na duba tsagar katakon gado, na ɗaga kwalaye. Na sami kyankyasai matattu, na sami layin tururuwa suna jan ɗaya daga cikinsu. Kuɗin cizo kuwa ko ɓawonsa babu.

"Yaya Torika, nuna mini hannuwanki."

Ta miƙo. Fatar tsufa ce kawai, babu tabo ko ɗaya.

"Can cikin gida sun ɗan taɓa ni," ta ce, tana tsayawa tsakanin kalmomi ta ja numfashi. "Tun da na dawo nan, shiru. Ina jin su ma ba sa son warin."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa wa wa, ƙanwata? Gidan ɗan yayana ne. Na zo neman ido, ban zo neman magana ba. Da an yi na hagun zan kama hanya."

Na kai wa Karalaini labari da murnata, ina zaton an gama. Na same ta a baranda tana shafa wa wuyanta hoda, don cizon ya hau har bayan kunne.

"Ba sa cizonta?" ta ce. "To ai magana ta fito! Sun san mai su. Kare yana cizon uban gidansa ne?"

"Karalaini, ƙwaro ne. Bai san dangi ba. Bari in ga ɗakinki."

Ta yarda, don tana son a ga ɗakinta. Gadon Karalaini sananne ne a unguwarmu. Kowace mace a nan tana jera tabarmin biki a ƙarƙashin katifa, su kwanta sumul har ranar da aure ko rasuwa za ta taso a fitar a kai. Da tsawon gado ake gane wadda danginta suka cika. Na Karalaini sai da ta sa ɗan benci take hawa. Na saman su ne sababbi, manya masu bakin ulu ja da rawaya, rabon da aka ba ta a makokin kawunta, babban mutum a garinsu. An yi kwanaki jama'a suna kwana a kansu a gidan makokin kafin a raba. Sun iso gidan nan a makon da jirgin Kadavu ya kawo Gwaggo Torika.

Tun daga ƙofa na ji warin, wani ɗan zaƙi-zaƙi mai tayar da zuciya. Na ɗaga gefen katifa, na buɗe bakin ulun tabarmar farko. Ga su nan a kwance, jajaye-jajaye, faɗi-faɗi kamar ƙwayar kankana ƙarama. Ga ƙananan farare, ga ɓawon da suka saɓe, ga ƙwai manne a tsagar saƙa kamar gutsuren shinkafa. Haske ya taɓa su, suka fara sulalewa ciki.

"Ga gidansu," na ce a hankali. "Abin ba wuya. A fitar da tabarmin duka. A zuba su cikin baƙar leda a ɗaure, a ajiye a tsakiyar rana su gasu. A zuba tafasasshen ruwa a tsagogin gadon. Zannuwa a wanke da ruwan zafi. Bayan kwanaki a sake, saboda ƙwan da ya tsira. Feshin nan ba ya kai wa inda suke, ƙirjin tsohuwa kawai yake kai wa."

Karalaini ta fizge gefen katifar ta mayar.

"Malama, kin san tabarmin wane ne waɗannan? Kawuna! Mutumin da jiragen ruwa suka cika saboda jana'izarsa. Ki ce daga gidansa aka kwaso ƙwaro?"

"Daga jikin baƙin makoki dai, ko daga ko'ina. Ba abin kunya ba ne."

"In baje su a tsakar gida cikin leda, matan coci su wuce su gani? Kafin yamma labari ya kai garinmu. Waɗannan hawowa suka yi. Daga wajen Gwaggo suka hawo, suka ga wuri mai kyau suka zauna."

Peniasi yana tsaye a ƙofa. Na kira shi ya zo ya gani da idonsa. Ya matso, ya ɗaga bakin tabarma da yatsa biyu, ya leƙa, ya sauke shi a hankali kamar mai rufa wa jariri zane.

"Malama, kin fi ni sani," ya ce. "Amma kin ga, gida sai da zaman lafiya."

"Gwaggonka fa?"

"Gwaggo mai haƙuri ce."

Abin da zuwana ya haifar shi ne an ƙara feshi. Tun da an ga ƙwarin da yawa, in ji Karalaini, maganin bai isa ba. Aka koma safe da yamma. Aka haɗa da maganin sauro mai hayaƙi ana kunna mata a ƙarƙashin gado. Aka fara fesa zannuwanta a kan igiya kafin ta ɗaura. Gwaggo Torika ta daina kankarar kwakwa a zaune, sai a jingine. Ta daina rera waƙar da take yi in tana feraye rogo. Da na yi magana, Peniasi ya ce sanyin gari ne bai karɓe ta ba. Karalaini ta ce tsofaffi suna son a lura da su.

Ranar wata Talata da rana na ji faranti ya faɗi a bayan gida, ban ji an ɗauka ba. Na zagaya. Tana durƙushe a bakin ɗakin kwanon, hannu ɗaya a ƙasa, leɓɓanta sun yi duhu, tana buɗe baki iska ba ta shiga. Na tsayar da tasi muka kai ta asibitin unguwa. Suka sa mata abin shaƙa a fuska har ƙirjin ya buɗe. Ma'aikaciyar jinyar ta sunsuni rigarta ta dube ni.

"Mama, a ina take kwana, a shagon maganin ƙwari? In ta sake shaƙar wannan, ba lallai ku iso nan da ita ba. Kuma ba mai yi mata aikin ido da ƙirji a haka."

Na wuce da ita gidana. Na ba ta ɗakin 'yata da ta yi aure, mai taga biyu. Na dafa mata kifi da ruwan kwakwa da ganyen gwaza. Cikin 'yan kwanaki numfashinta ya daidaita, har ta fara tsokanata wai ban iya matse kwakwa ba, rabin ruwan nake zubarwa.

A unguwa kuwa magana ta tashi. Ba a kan feshi ba, ba a kan ɗakin kwano ba. Abin da ya dami mutane shi ne a ce ƙanwar uban mutum tana kwana a gidan bare, shi yana da gida a gefe. A coci aka fara yi wa Karalaini gaisuwa mai tsawo. "Ya jikin Gwaggo? Mun ji tana hutu gidan Malama." Ba ta iya jure wannan ba.

Ranar Asabar da hantsi suka zo, ita da mijinta da wani dattijon coci mai iya magana. Peniasi ya ɗaura zanen fita irin na mazan ƙasar nan, yana rungume da damin saiwar yangona, wadda ake jiƙawa a sha a taron al'ada, a naɗe cikin takarda. Da na ga damin na san abin da ya kawo su. Suka cire takalma, suka shigo a sunkuye, suka zauna a ƙasa a gaban tsohuwar. Neman gafara ne na al'ada. Wanda aka kawo wa saiwar nan ba ya mayar da ita. In kuwa ya karɓa, an binne maganar ke nan, ba shi ba wani, babu mai sake tono ta.

Dattijon ya dafa damin ya fara. Ya yabi Kadavu da mutanenta. Ya yabi marigayi mahaifin Peniasi. Ya ce yara ne, yara kuwa sukan yi kuskure. Ya ce iska ta shiga tsakanin uwa da 'ya'yanta, an zo a rufe ƙofar da ta shigo. Ya daɗe yana magana mai daɗi, bai ambaci ƙwaro ba, bai ambaci gwangwani ba, bai ambaci tabarma ba. Karalaini tana sunkuye tana share hawaye da hannu ɗaya, ɗayan yana susar ƙafarta ta ƙarƙashin zane.

"A gafarce ni, Baba," na ce. "Kafin a karɓa, a faɗi abin da za a yi da gadon."

Dattijon ya dube ni da tausayi.

"Malama, ba a kawo sharaɗi a kan yangona."

Gwaggo Torika ta dubi ɗan yayanta. Kansa yana ƙasa, kunnuwansa irin na ubansa. Ta miƙa hannu biyu ta dafa damin, ta tafa tafin nan mai zurfi da ake yi, ta ce ta karɓa, Allah ya yi musu albarka. Aka daka saiwar, aka jiƙa, aka sha a kwanon ɓawon kwakwa. Kowa ya ce magana ta wuce. Karalaini ta rungume ni ta ce ba ta riƙe ni da komai ba.

Da suka fita jiran Gwaggo Torika a waje, na riƙe hannunta.

"Yaya, ki zauna nan har a yi idon."

"Na karɓa, ƙanwata. In na kwana nan yau, na ce wa duniya ƙarya na yi. Kunyar a kan kabarin yayana za ta sauka."

An yi mata gyara, ba a ce ba a yi ba. An shafa wa ɗakin kwanon shuɗin fenti, an rataya labule a inda taga ya kamata ta kasance. A bakin ƙofa kuma ga sabon gwangwani, wannan karon mai ƙanshin lemo. Peniasi ya nuna mini shi da kansa, ya ce sun ji shawarar asibiti, sun canza magani. Na buɗe baki, ya ɗaga hannu cikin ladabi.

"Malama, an sha yangona."

Gwaggo Torika ba ta kai mako a ɗakin ba. Ta aiko a kira ni, na same ta zaune a gindin mangwaro da jakarta a ɗaure, ƙirjin ya soma kukansa. Ta ce ta gaya wa Peniasi tana kewar gida, kuma komawa gida ba zagin kowa ba ne.

"Idon hagun fa? An kusa kiranki."

"Ido ɗaya ya ishe ni ganin hanya," ta ce. "Ƙirji kuwa ba ni da na biyu."

Muka raka ta tashar jirgin ruwa. Karalaini ta zo da furanni ta rataya mata a wuya, ta yi kuka sosai a inda jama'a suka fi yawa. Peniasi ya sayo mata burodi da gwangwanin biskit. Tsohuwar ta hau matakala a hankali, tana juya kai gaba ɗaya don ta ga gefen hagu, wani ma'aikacin jirgin ya riƙe mata jaka. Ba ta waigo ba sai da ta kai sama, ta ɗaga hannu sau ɗaya.

Da asibiti suka kira, Peniasi ya ce musu ta yi tafiya, aka ba wani gurbinta.

Kuɗin cizo ƙaramin abu ne. Ba ya tashi sama, ba ya tsalle, ba shi da wata dabara sai ɓuya. Rana mai zafi da tafasasshen ruwa da ɗan haƙuri sun ishe shi. Abin da ba ya jin magani shi ne gidan da ya ga inda ƙwaron yake, ya sauke katifa, ya juya yana neman wanda ba zai iya musu ba. A irin wannan gida, wanda ya fi kowa kawaici shi ake fesawa.

Jiya na haɗu da Peniasi a tashar bas. Ya ɗaga kwalar rigarsa har kunne, cizon ya kai haɓa. Na tambaye shi labarin Kadavu, ya ce lafiya lau, an ce Gwaggo har ta koma saƙa, sai dai takan kuskure layi. Na tambaye shi gida. Ya sosa wuya, ya rage murya.

"Suna nan, Malama. Karalaini ta ce ƙwai Gwaggo ta bar mana."

Bas ta zo, ya hau.